Me Ya Sa Furen Wardi Ke Mutuwa A Gidajenmu, Kuma Yaya Ake Raya Shi?

Wataƙila ka taɓa tsayawa wajen masu sayar da fulawa a bakin titi, a Kano ko Kaduna ko Abuja, ka hango wani ɗan dashe a cikin baƙar leda, da jan furensa guda ɗaya mai ƙamshi. Ka biya kuɗi masu kauri, ka kawo shi gida, ka ajiye a tsakar gida kana ta ba shi ruwa safe da yamma. Sati uku ganye ya fara rawaya, wata biyu sai busasshen kara mai ƙaya. Daga nan sai ka yanke hukunci: ko dai an cuce ka, ko kuma kai ba ka da hannun shuka.

To, yawanci ba ko ɗaya ba ne. Furen wardi, wanda masu sayarwa suka fi kira "ros", shuka ce mai halayenta, kuma kusan kowace shawara da za ka gani a intanet game da shi an rubuta ta ne don mutanen Turai da Amurka, masu ƙanƙara a watan Janairu. Idan ka san yadda jikinsa ke aiki, kai da kanka za ka iya gyara waccan shawarar ta dace da damina da hunturu da bazararmu.

Daga ina ya fito?

Wardi ɗan gida ɗaya ne da tuffa da sitiroberi da almon. Akwai nau'o'insa na daji sama da 100, kusan dukansu a ƙasashe masu sanyi na arewacin duniya, musamman Asiya. A Afirka kudu da Sahara, wanda aka sani yana fitowa da kansa shi ne Rosa abyssinica, shi ma a tsaunukan Habasha yake. Na daji fallen furensa biyar ne kacal. Wannan cunkushewar fallaye da kake gani a na lambu ta samo asali ne daga wani sauyi a ƙwayoyin gado, wanda ya mayar da siraran zaruruwan tsakiyar furen, masu ɗauke da rawayan gari, suka koma fallaye. Mutane suka ga ya yi kyau, suka yi ta yaɗa shi.

Ka lura da wannan ma: Kenya da Habasha suna cikin manyan masu sayar wa Turai furen wardi, alhali suna kusa da tsakiyar duniya kamar mu. Sirrin yana cikin tudu. Gonakin gefen tafkin Naivasha a Kenya suna kan tsayin kusan mita 1,900 daga teku, rana mai haske, dare mai sanyi. Jos tana kan kimanin mita 1,200, shi ya sa wardi da sitiroberi ke jin daɗi a can. Kano kuwa ba ta kai mita 500 ba. Dashen da aka raina a Jos aka sauko da shi Kano a watan Afrilu, ka ga ai an jefa shi cikin tanda ne.

Wani abu guda: akwai shukar da ake sayarwa da sunan "wardin hamada", mai kumburarren gindi da fure ruwan hoda. Wannan kariya ce, ba ta da dangantaka da wardi, kuma ƙaronta guba ne, a kula da yara da awaki.

Dalilin da yake iya fure a ƙasar da ba ƙanƙara

Tsofaffin wardin Turai da Gabas ta Tsakiya, yawancinsu sau ɗaya suke fure a shekara, bayan sun sha sanyin hunturu. Misali wardin Dimashƙa, wanda ake tatsar turare da ruwan wardi daga gare shi a Bulgeriya da Turkiyya da Iran da kuma Ɗa'ifa a Saudiyya. Alhazai sun san turaren wardin Ɗa'ifa, yana cikin abubuwan da ake amfani da su wajen wankin Ka'aba. Tsadarsa ba banza ba: sai an tsinke tan uku zuwa huɗu na fure kafin a samu kilo ɗaya na man. Ɗa'ifa ma gari ne na kan dutse, kuma 'yan makonni kawai furen ke yi a shekara.

A ƙarshen ƙarni na 18 aka shigo da wasu wardin lambu daga ƙasar Sin zuwa Turai, cikinsu har da wanda ake kira 'Old Blush'. Waɗannan ba sa jiran sanyi, suna gama fure su sake wani. Masu lambu suka yi ta haɗa su barbara da na Turai, har a 1867 wani Bafaranshe mai suna Jean-Baptiste Guillot ya fitar da 'La France', wanda daga kansa ake fara lissafin wardin zamani.

Sai a 2012 masu bincike daga Faransa da Japan suka bayyana abin da ya faru a cikin na Sin ɗin. Akwai wata ƙwayar gado da aka raɗa wa suna RoKSN, aikinta kamar birki ne, tana hana shukar yin fure idan lokaci ya wuce. A cikin wardin Sin, wani guntun DNA mai yawo ya faɗa tsakiyar wannan ƙwaya ya lalata ta. Birki ya tsinke, shuka ta yi ta fure ba tsayawa. A 2018 kuma aka kammala karanta dukkan ƙwayoyin gadon 'Old Blush'.

Amfanin wannan gare ka shi ne, wardin zamani da ya gaji wannan lalataccen birki ba ya buƙatar ƙanƙara kafin ya yi fure, don haka zai iya yi a Zariya ko Maraɗi. Wardin Dimashƙa kuwa, idan ka dasa shi a wuri mai zafi, mai yiwuwa ganye kawai za ka yi ta kallo.

Shuka biyu a jiki ɗaya

Ka san mangwaro mai aure? To, yawancin wardi masu manyan furanni haka suke. Ana ciro ido ɗaya daga reshen iri mai kyawun fure, a tsaga ɓawon wani iri mai ƙarfin saiwa, a cusa idon a ɗaure. Duba gindin naka, za ka ga wani ƙulli kamar gwiwa. Daga nan zuwa sama shi ne abin da ka saya, daga nan zuwa ƙasa kuma wata shukar ce daban.

Wani lokaci sai na ƙasan ya fito da nasa reshen, dogo, mai saurin girma. Mai gida ya yi ta murna wai shuka ta kama, alhali wannan reshen ne zai shanye ruwa da abinci har na saman ya mutu. Ni ma haka na yi da wardina na farko: shekara guda ina rainon wani ƙaton reshe, ashe na gindi ne, wanda na saya ya daɗe da bushewa. Idan ka ga sabon reshe, bi shi har inda ya faro. In daga ƙasan ƙullin ne, tona ƙasa kaɗan ka fizge shi daga tushe. Idan yanka shi ka yi, idanun da ke gindinsa za su sake tohowa.

Wannan ne kuma ya sa ba a shuka wardin lambu da ƙwaya. Kowane iri gauraye ne na kakanni da yawa, 'ya'yansa ba sa kama da shi. Don haka tallan nan na intanet, wai irin baƙin wardi ko shuɗi ko mai launin bakan gizo, kada ka ɓata kuɗinka. Wardi ba shi da ƙwayar gadon da ke ƙera delfinidin, sinadarin da ke ba furanni da yawa launin shuɗi. Kamfanonin Suntory da Florigene sun shafe shekaru suna aiki kafin su sanar a 2004 cewa sun sa masa ita ta hanyar fasahar ƙwayoyin gado, aka fara sayar da shi a 2009 da sunan 'Applause', kuma duk da haka launinsa ya fi kama da shunayya mai haske. Shuɗin da kake gani a hoto rini ne.

Zafi, rana da ruwa

Wardi ya fi jin daɗi tsakanin digiri 15 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas. Ganye yana haɗa sukari da rana, shukar kuma tana ƙona sukarin dare da rana don ta rayu. Idan zafi ya yi yawa, musamman da dare, ƙonawar tana ƙaruwa har abin da ya rage bai isa gina babban fure ba. Shi ya sa furen bazara ke fitowa ƙarami, fallaye kaɗan, launi a koɗe, ya zube cikin kwana biyu. Masu ja mai duhu sun fi ƙonewa, don duhun launi yana zuƙar zafi.

Littattafai za su ce maka ya samu rana ta awa shida ko fiye. Gaskiya ne, amma a wajenmu ka nema masa ranar safe, daga fitowarta zuwa wajen sha biyu ko ƙarfe ɗaya, sannan inuwa ta rufe shi. Gabashin ɗaki ko katanga ya fi. Jikin katangar da ke kallon yamma kuwa, wadda ke shan rana har la'asar tana furzar da zafi da dare, nan ne wuri mafi muni.

Cire shi daga baƙar ledar nan, domin a rana tana gasa saiwa. Tukunyar ƙasa ta fi bokitin roba, saboda dalilin da ya sa ruwan randa ke sanyi: ruwa na tsattsafowa ta jikinta yana tafiya da zafi. Ta kai zurfin santimita 40, kuma lallai a huda gindinta. Ka haɗa ƙasar gona da yashi da takin gargajiya wanda ya ruɓe sarai. Ɗanyen kashin kaji yana ƙona saiwa. A saman ƙasar ka baza ɓawon gyaɗa ko ɓuntun shinkafa don riƙe laima, amma kada ya taɓa karan, kuma ka riƙa dubawa saboda gara.

Ruwa kuma, a nan aka fi yin kisa. Saiwa tana numfashi, tana buƙatar iska a cikin ƙasa. Idan ƙasa ta zauna a jiƙe jagab kullum, saiwar ta shaƙe ta ruɓe, ganye ya yi yaushi kamar mai ƙishirwa, kai kuma ka ƙara ruwa. Kafin ka zuba, tura yatsa cikin ƙasar zuwa gaɓa ta biyu. In da laima, bari sai gobe. In ta bushe, zuba da yawa har ya fito ta ƙasan tukunya. A bazara zai iya zama kullum, a hunturu bayan kwana biyu ko uku. Yaushin tsakar rana wanda ke warwarewa da yamma ba ƙishirwa ba ce, ganye ne ke zubar da ruwa fiye da yadda saiwa ke iya kawowa a wannan sa'ar.

Ruwan alwala ba shi da laifi. Ruwan wanki mai omo kuwa yana tara gishiri kuma yana rage tsamin ƙasa. Toka ma haka take yi. Wardi yana son ƙasa mai ɗan tsami kaɗan, wajen 6 zuwa 6.5 a ma'aunin pH. Idan ta haura 7 sosai, sinadarin ƙarfe yana nan a cikin ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa.

Ganye zai gaya maka abin da ya rasa. In sababbin ganyen sama ne suka yi rawaya, jijiyoyinsu na nan kore, ƙarfe ne, domin shuka ba ta iya kwaso ƙarfe daga tsohon ganye ta kai wa sabo. In tsofaffin na ƙasa ne suka yi rawaya gaba ɗaya, naitirojin ne, don shi tana iya kwashe shi ta tura sama. Ƙaramin cokali ɗaya na takin kamfa a wata, nesa da kara, a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya ishi tukunya guda. A tsakiyar bazara ka dakata da taki, sabon toho ƙonewa zai yi.

Aski: abin da ke kawo fure

Mutane na jin tausayin yanke reshe, alhali wardin zamani a kan sabon reshe yake fure. A hammatar kowane ganye akwai ido mai barci. Kan reshe yana sako wani sinadari mai suna oksin wanda ke gangarowa yana hana idanun nan farkawa. Kenneth Thimann da Folke Skoog ne suka nuna haka a gwaje-gwajensu na 1933 da 1934. Da ka yanke kan, oksin ya ragu, sukari ya karkata zuwa idanun da ke kusa, sai su toho. Daga yanka zuwa fure yakan ɗauki sati shida zuwa takwas, ya danganta da iri da yanayi.

A Turai ana babban aski a ƙarshen hunturu. A wajenmu hunturu ne lokacin da wardi ya fi so, don haka lissafin juyawa yake. Masu lambu a arewacin Indiya, masu zafi da damina irin namu, a watan Oktoba suke aski, su sha fure daga Disamba. Kai ma bi wannan: da ruwa ya ɗauke, cire matattun rassa da sirara da masu gogar juna, ka rage sauran da kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi. Yi yankan kamar rabin santimita a saman idon da ke kallon waje, don sabon reshe ya buɗe, iska ta ratsa tsakiya. Wuƙa ko almakashin su kasance masu kaifi, ka goge su da sifirit kafin ka koma kan wata shukar.

Duk furen da ya gama, yanke shi zuwa ganye na farko mai 'ya'ya biyar. Idan ka bar shi, shukar za ta koma ƙulla ɗa, ta rage fure. Kuma da wannan lissafin, idan akwai biki a gidanku a cikin hunturu, ƙirga sati bakwai baya ka yi aski. A bazara kuwa kada ka yi babban aski, ganyen ne ke yi wa karan inuwa.

Abokan gaba, kowane da lokacinsa

Damina lokacin baƙin tabo ce. Wani naman gwari ne mai suna Diplocarpon rosae, ƙwayoyinsa na buƙatar ganye ya zauna a jiƙe kimanin awa bakwai kafin su huda shi. Bayan sati ɗaya ko biyu sai ka ga baƙaƙen ɗigo masu gefe kamar gashi, ganyen ya yi rawaya ya faɗi. Fantsamar ruwa ce ke yaɗa shi daga ƙasa zuwa sama. Rigakafi ya fi magani: ba da ruwa a gindi da safe, ba da tazara tsakanin tukwane, tsince duk ganyen da ya kamu har da na ƙasa ka ƙona. In abin ya yi yawa, maganin feshi irin mankozeb da manoman tumatir ke amfani da shi yana kare sabon ganye, amma ba ya warkar da wanda ya riga ya kamu. A bi abin da aka rubuta a jikin ledar.

Rani da ƙurar hunturu kuma na jan gizo-gizo ne, wasu 'yan mitsi-mitsi da ke zama a bayan ganye suna tsotsa, har ganyen ya yi fari-fari kamar an yayyafa masa toka. Karkaɗa ganye a kan farar takarda, in ka ga ɗigo-ɗigo suna tafiya, su ne. Ƙafarsu takwas, ba ƙwari ba ne irin su sauro, don haka maganin ƙwari da yawa ba ya kashe su, sai ma ya kashe masu cin su, su ƙara yawa. A cikin zafi, kusan sati ɗaya ya ishi ƙwai ya zama babba mai yin ƙwai. Wanke bayan ganye da ruwa mai ƙarfi sau biyu ko uku a sati, da safe, yana rage su sosai.

Darɓa tana taruwa a kan sabon toho da ƙunshin fure. Ruwa ma yana kakkaɓe ta, ko ka daka 'ya'yan darbejiya ka jiƙa su kwana, ka tace ka fesa da yamma.

Idan kana son tara iri-iri

Tara wardi tsohuwar sha'awa ce. Josephine, matar Napoleon, ta sayi gidan Malmaison kusa da Paris a 1799, lambunta ya yi suna da wardi. Yau akwai dubban iri masu suna a duniya, lambun Sangerhausen a Jamus, wanda aka buɗe a 1903, shi kaɗai yana da sama da iri 8,000. Akwai sanannu irin su 'Peace' da aka raɗa wa suna a 1945, da 'Queen Elizabeth' na 1954, da farin 'Iceberg' na 1958.

Amma kai da ke farawa, kada suna ko hoto ya ja ka. Zaga unguwa, ko tsofaffin gidajen ma'aikata da harabar makarantu, ka nemo wardin da ya shekara biyar yana fure ba tare da wata kulawa ba. Wannan ya riga ya ci jarrabawar garinku. Roƙi mai shi ya ba ka reshe.

Zaɓi reshen da ya gama fure kwanan nan, mai kaurin fensir. Yanke shi santimita 15 zuwa 20, da ido uku ko huɗu. Cire ganyen ƙasa ka bar biyu a sama, ka soke rabinsa cikin yashi mai laima, ka kife masa gorar roba da aka yanke gindinta, ka ajiye a inuwa mai haske. Ƙarshen damina zuwa farkon sanyi ya fi dacewa. Saiwa takan fito cikin sati huɗu zuwa takwas. Kada ganin sabon ganye a sati na biyu ya sa ka tuge shi don dubawa, da abincin da ke cikin karan ya fito, ba lallai akwai saiwa ba. Soke goma, wasu za su mutu, haka abin yake ko a hannun ƙwararru. Wanda ya kama kuma yana kan saiwarsa ne, babu maganar reshen gindi.

Duk sabon dashen da ka sayo, ware shi gefe na sati biyu kana duba bayan ganyensa kafin ka haɗa shi da sauran. Ka kuma samu ɗan littafi: daga ina ka samo shi, ranar aski, ranar da fure ya buɗe, wane ne ya jure Afrilu, wane ne baƙin tabo ya tsiyaye a Agusta. In ba ka san sunan iri ba, sa masa lamba. Bayan shekara biyu za ka san irin da ya dace da gidanka fiye da duk abin da wani littafin Turai zai gaya maka, kuma idan maƙwabci ya zo roƙon reshe, ka san wanda za ka yankar masa.

Idan yanzu za ka fara, jira ruwa ya ɗauke. Sayi guda biyu kawai a watan Oktoba ko Nuwamba, don su samu wata huɗu na sanyi su kafa saiwa kafin bazara ta iso.